Macro ɗin da ba ya aiki sai a layin farko

long double, nau'in lamba mai ɗigo a yaren shirye-shiryen kwamfuta na C, ita ce ta kore ni. A Linux mai x86-64 bit 80 ce, a Linux mai ARM64 bit 128, MSVC, compiler ɗin Microsoft na Windows, kuwa double ce kawai ya sauya mata suna. Lissafi ɗaya, amsa uku. Shi ya sa na koma _Float128, wadda ƙarin ƙa'idar C mai suna TS 18661-3 ya gabatar a 2015, compiler ɗin GCC 7 da laburaren C na Linux glibc 2.26 suka ɗauka a 2017, daga baya ƙa'idar C23 ta shigar da ita. Lambobi 33 tabbatattu, ba 15 na double ba. Sauya nau'in bai ba ni wahala ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne macro ɗin __STDC_WANT_IEC_60559_TYPES_EXT__, wato sunan da ake ayyanawa da #define. In ba ka ayyana shi ko _GNU_SOURCE ba, glibc ba za ta nuna maka strtof128, mai mai da rubutu lamba, da 'yan uwanta ba. To ai na ayyana shi, a saman #include <stdlib.h> daidai. Ashe wani header na laburaren da nake amfani da shi ya riga ya jawo stdlib.h tun daga sama. Da aka zo kan nawa, ƙofa ta riga ta rufe, macro ɗin bai taɓa komai ba.

Abin da har yanzu ke ci mini rai, GCC ɗin da ke injin bai tsaya ba. Kafin GCC 14, kiran aikin da ba a bayyana ba gargaɗi ne kawai. Sai ya ɗauka strtof128 int take mayarwa, ya haɗa shirin lafiya lau, gargaɗin ya nutse cikin tarin saƙonnin laburaren. Lambobi suka fito shirme. Na bi lissafina layi-layi ina zargin zagaye lamba, alhali tun wurin karanta bayanai aka lalace.

Yanzu ba na rubuta macro ɗin cikin fayil ko kaɗan. Da zaɓin -D na compiler nake ayyana shi a Makefile, fayil ɗin umarnin haɗa shiri, don ya riga kowane header isowa, tare da -Werror=implicit-function-declaration mai mai da wancan gargaɗin kuskure. Sannan ina duba ko FLT128_MANT_DIG, adadin bit na daidaiton _Float128, ya kai 113, in babu shi #error ta tsayar da komai nan take.

Kada kuma ka miƙa wa printf wannan nau'in da %Lf, ba ta san shi ba. Sai ka bi ta strfromf128 ka mai da shi rubutu tukuna. Ɓangaren Windows kuwa na bar shi a double, don MSVC ba shi da _Float128.