Turmi Uku da Littafin Lakca

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aiki, ina aji biyu a Jami'ar Bayero. An ce na gargaɗi ne, sati huɗu kawai, don haka ko katifata ban ɗauko daga hostal ba. Sai da muka share wata takwas cur a gida, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba.

Tun kafin yajin ina koyar da yaran wata maƙwabciyarmu lissafi da Turanci bayan La'asar, kwana huɗu a sati. Ɗan abin da ake biyana nake zubawa a adashen da Umma ke riƙewa. Da kwasata ta zo gab da azumi, Umma ta ce, "Ke dai kada ki ɓatar da shi a kayan kwalliya, ki juya shi." Na bi yayana zuwa Kantin Kwari, ya haɗa ni da wani Alhaji mai shagon atamfa, na sayi turmi uku, kowanne yadi shida. Na shimfiɗa su a tsakar gida da hasken safiya, na ɗauki hoto na ɗora a sitatus ɗin WhatsApp. Kafin kwana biyu babu ko ɗaya.

Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah duk a gida suka same mu a shekarar, kasuwa kuwa ta buɗe. Daga atamfa na ƙara da leshi da mayafai. Kusan kullum ina Kwari, ina bin layi-layi ina taya kaya, in dawo in kai wa mutane har gida. Ban lura ba, ashe na gina sana'ar ne a kan lokacin aro.

Da aka koma makaranta sai mai lokacin ya zo karɓar abinsa. Malamai na ƙoƙarin cike giɓin wata takwas, lakca a kan lakca, gwaji a kan gwaji. Daga sabon matsugunin jami'ar da ke kan titin Gwarzo zuwa Kwari tafiya ce ta gaske a Adaidaita Sahu, ga cunkoso, in ka je ka dawo rabin yini ya tafi. Ni kuma na ƙi sakin komai. In fita lakcar ƙarfe takwas, in tsallake ta sha biyu in ruga kasuwa, in dawo in koyar da yara, da daddare in buɗe littafi barci ya kwashe ni. A tsakiyar lakca ma wayata na ƙarƙashin hijabi ina amsa "nawa ne wannan?"

Ana cikin haka ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya shigo, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Mai saye ta ce ta turo, kuɗi bai shigo ba, ni kuma in tsaya a bakin shago ina duba waya sa'a guda. Ranakun karatu da yawa a wajen masu POS na bar su.

Sakamako ya fito, na faɗi kwas ɗaya, wanda nake tsallakewa ɗin. Wannan ta yi mini ciwo matuƙa, don na san ba fin ƙarfina ya yi ba. Da na zauna lissafin sana'ar kuma sai na tarar da wani ramin. Bashi ya cinye kusan rabin jarina, mafi yawa a hannun ƙawayen hostal da nake jin nauyin tambaya. Ga shi kuɗin mota da na abinci duk daga jaka ɗaya nake ɗiba, ban san riba ba, ban san uwa ba.

Alhaji ne ya fara yi mini magana. Ya ce, "'Yata, kullum ina ganinki a nan da rana tsaka. Yaushe kike karatun?" Na yi shiru. Ya ce daga yau yaron shagonsa zai riƙa turo mini hotunan sabbin kaya, in an zaɓa in tura kuɗi, shi ya ba mai babur ya kai. Ashe zuwan da nake yi kullum ba dole ba ne, kunyar neman alfarma ce ta hana ni tambaya.

Na mai da shiga kasuwa ranar Asabar kaɗai. Na sayi littafi mai bango mai tauri ina rubuta kowane turmi, na buɗe asusu na biyu wanda ba na taɓawa don buƙatar kaina. Bashi na rufe ƙofarsa: sai an ba da rabi kafin in sayo, a cika kafin kaya su bar hannuna. Wasu sun yi fushi, biyu har yau gaisuwarmu sama-sama ce, kuma hakan na damuna.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne rage koyarwar. Ita ce kuɗin da nake da tabbacinsa duk wata, musamman bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Amma na je na sami maman yaran na ce, "Anti, kwana biyu zan iya, in jarrabawa ta matso kuma zan ɗauki sati uku." Ta amince ba tare da jan magana ba.

Da jarrabawa ta gaba ta zo, na rubuta a sitatus cewa an rufe karɓar oda sai bayan sati uku, na miƙa wa ƙanwata wayar kasuwancin da littafin. Na koma ajin 'yan bayanmu na sake zama kwas ɗin da na faɗi, a layin gaba, kuma na ci shi.