Duba aikin masu koyon rubuta manhaja

Ɗalibi ya rubuta shirin kwamfuta mai fitar da matsakaicin maki da Python, wani yaren rubuta manhaja, ya gwada da lambobi uku, amsa ta fito daidai. Amma in ka ba shirin jerin makin da babu komai a ciki, nan take zai tsaya, domin an raba da sifili. Shi ya sa ya kamata malami ya gwada shirin da kansa, ya kuma ɓoye wasu gwaje-gwajen, in ba haka ba wani ɗalibi zai cusa amsoshin kai tsaye cikin shirin.

Salon rubuta shirin kuwa sai an sa ido. Kwamfuta za ta kama layin da ya wuce haruffa 79, iyakar da PEP 8, ƙa'idar salon rubuta Python, ta gindaya, amma ba ta damu ba in an raɗa wa jimillar maki suna "x2". A ganina, maki 70 ga gwaji, 30 ga salo.