Karen da aka tsinto da ɗabi'arsa ta binne abinci

Karen da ya shafe watanni yana kiwon bola a bayan kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ko gefen mahauta, in aka kawo shi gida don gadi, bai yarda gobe ma za a ba shi abinci ba. Sai ya ci rabi, ya kai sauran gindin katanga, ya tona rami, ya tura ƙasa da hanci. Duka ba ya raba shi da wannan, tsoro kawai yake ƙara masa.

Kuskuren da aka fi yi yana makon farko ne. An ga haƙarƙari a waje, tausayi ya sa a cika masa kwano. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar haka: amai da gudawa su biyo baya, wani lokaci gishirin jini ya rikice har zuciya ta taɓu. A fara da kashi ɗaya cikin uku na abin da zai ci a yini, a raba shi sau 4 zuwa 6, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako guda ko kwana 10. A ba shi dafaffen nama, shinkafa mai laushi kuwa kaɗan kawai. Ragowar miyar gida kuwa a'a, domin albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya soki hanji.

Da ya murmure, sau 2 a rana, safe da yamma, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, da kwanonsa na kansa wanda ba a haɗa shi da na gida. Bayan minti 15 zuwa 20 a ɗauke abin da ya rage, amma sai ya bar wurin. Kada a kai hannu yana ci, yara kuma su yi nesa, don gurnanin nan gargaɗi ne kafin cizo. In karnuka biyu ne, a raba su inda ba sa ganin juna. Galibi ɓoyon yana raguwa da kansa in ya saba da lokacin.

A riƙa duba inda yake binnewa a kwashe. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi nama ba ya kwana a ƙasa bai ruɓe ba, ga ƙuda ga tsutsa, shi kuma zai tono ya ci.

Akwai ɓoyon da ba na tsoro ba. Karen da ya ƙoshi yakan binne don abincin ya yi masa yawa, sai a rage. Wanda kuwa ya shinshina, ya rufe da ƙasa bai ɗanɗana ba har yini biyu, yana dalalar da miyau, tashin zuciya ko ciwon haƙori ake zargi. Wannan a kai shi asibitin dabbobi, a haɗa da maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin haukan kare in ba a riga an yi ba.