Corolla ta daina tafasa, bayan na buɗe top sau biyu

Jiya na kai ta har Kwanar Dangora na dawo Kano da tsakar rana, da AC a kunne, allurar zafi ba ta ɗaga daga tsakiya ba. Da safen nan na buɗe lagireto, ruwa na nan a bakinsa kamar yadda na zuba shi ran Laraba. Alhamdu lillahi. Wata uku ke nan motar nan tana hana ni barci, shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun abin yana da ɗumi, musamman ku da kuke koyon gyara a kan 1ZZ, injin Toyota irin na cikin Corollar nan tawa.

Da ƙara aka fara. In mota ta yi zafi na taka totur a hawan gada, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, inji zai buga. Oga, wanda nake koyon gyara a wajensa, ya sa na kunna ta da sanyin safiya, ya kafa dogon sukudireba a jikin bulo, wato gangar jikin inji, ya kara kunne, sannan muka riƙa cire soket ɗin koyil ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da metal ne, wato beyarin ƙasan inji, da mun ji duka mai nauyi daga ƙasa, mai bin juyin inji, kuma da ya lafa in an kashe silindar da ke da laifin. Wannan kuwa ba ya zuwa sai da zafi da lodi, wato fetur ne ke fashewa a silinda ba bisa ƙa'ida ba saboda zafi ya yi yawa. "Malam, bar ƙasan injin nan, je ka nemo inda ruwanka ke tafiya."

Farin hayaƙin kuwa na gan shi tun cikin hunturu, na ɗauka tururin safiya ne. Tururin safiya minti kaɗan yake yi ya ɓace. Wannan yana nan har bayan inji ya ɗumama, kuma kullum sai na ƙara ruwa alhali ƙasan mota a bushe. Da na cire fulogogi, uku sun yi launin ƙasa-ƙasa, na silinda ta uku fes kamar an wanke shi. Awon kwamfureshan, wato ƙarfin matsin silinda, ya ba ni wajen psi 180 a sauran, ta ukun kuwa 130, ƙasa da 145 da Toyota ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Na ɗiga baƙin mai a ramin fulogi na sake aunawa, bai motsa ba, don haka ba ringi ba ne. Bakin lagireto kuma kumfa ke tasowa ɗaya bayan ɗaya da an taka totur. Baƙin maina bai koma kamar shayi da madara ba, kuma wannan ne ya daɗe yana ruɗa ni, ashe gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin top (kan inji) da bulo, na iya ƙonewa tsakanin silinda da hanyar ruwa ba tare da ya taɓa hanyar mai ba.

To ga inda na yi asara. Na buɗe top, na ga inda gaskit ya ƙone, murna ta kama ni, na goge fuskar da kyau, na sa sabo na ɗaure. Ban auna top ɗin ba. Da ido na dube shi na ga sumul, Oga kuma ya yi tafiya a makon. Kwana goma sha biyu ta yi lafiya, ran na sha uku a cunkoson Ƙofar Nasarawa allura ta haura, kumfa ta dawo. Wallahi ranar na zauna a gefen titi na rasa abin da ke mini daɗi. Gaskit na naira dubu ashirin da takwas, baƙin mai da filta, da Asabar biyu da na kashe, duk sun tafi a banza.

Karo na biyu na ari miƙaƙƙen ƙarfen awo da fila geji, wato siraran ganyayen ƙarfe na auna rata. Na ɗora ƙarfen a fuskar top a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa. Littafin injin ya ce lanƙwasar fuskar top kada ta wuce milimita 0.05. Tsakanin silinda ta biyu da ta uku, ganyen 0.15 ya shige ba gardama. Ninki uku ke nan, kuma duk da haka bai fi kaurin takarda biyu ba, ta ina ido zai gani? Top ɗin 1ZZ alminiyom ne, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta murɗe shi. Na auna fuskar bulo ma, don shi ma alminiyom ne, Allah ya taimake ni yana nan daidai. Mai sikimin, wato mai kankare fuskar top ta miƙe, ya karɓi dubu goma sha takwas. Na sayi sababbin kusoshin top guda goma a Ƙofar Ruwa, domin irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure su, kuma nawa sun sha ɗauri har sau biyu. Wannan karon da sifana mai awo na ɗaure, daga tsakiya zuwa waje, a hankali har 49 Nm, sannan kowace na yi mata alamar fenti na ƙara kwana 90. Na farkon da ƙarfin hannu na yi shi, kuma ina zargin shi ma ya ba da tasa gudummawar.

Sai tambayar da ya kamata in fara da ita: me ya tafasa motar tun asali? Da na kwance gidan tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, wayam. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya cire, ya kuma haɗa fanka kai tsaye, abin da ake yi wa motoci da yawa a nan da sunan wai ƙasarmu da zafi. Lagireton ciki duk tsatsa da farin dutse na ruwan burtsatse, in ka shafa shi da zafi rabin ƙasa sanyi ƙalau. Robar murfinsa kuma ta tsage. Ban taɓa ɗaukar murfin nan da daraja ba, alhali shi ke riƙe matsin da ke sa ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Na canja lagireto da murfi, na mayar da tamostat mai buɗewa a wajen digiri 82, na mayar da fanka kan na'urarta, na zuba kulan na gaske. Fitar da iska ta ci mini kusan awa guda, gaban mota a ɗage, hita a kunne, ina matsa tiyo har kumfa ta ƙare.

Ƙarar nan ta gwangwani ba ta sake dawowa ba, ko a hawa. Abin da ya rage shi ne wata 'yar rawa da take yi a silo, wato tana kunne ba a taka totur ba, in AC ya kama, ina zargin totur bodi ne ya yi datti ko kuma na bar wani tiyon iska bai zauna ba. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake awon kwamfureshan in kawo muku lambobin. Wanda ya taɓa sa top da aka yi wa sikimin a 1ZZ, don Allah ya gaya mini ko ya ga wani canji a taimin, wato saitin sarƙar inji.