Ranar da na yi la'asar a tsakiyar filin kurket

Wata tara kenan da zuwana Ingila amma har yau in na tuna Asabar ɗin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aikin kula da tsofaffi nake yi a ƙauyukan Hampshire, arewa da Portsmouth, kuma akwai wani tsoho cikin waɗanda nake dubawa, ya haura 80, shi ba ruwansa da komai a duniya sai wasan kurket, wanda ake jefa ƙwallo ana bugunta da katako. Ran nan ya matsa sai na tura shi a kekensa zuwa filin ƙauyensu ya kalli wasa.

Mun zauna wajen awa uku ni dai ban gane komai ba, mutane cikin fararen kaya ana jifa ana bugu ana ɗan tafi sama-sama kamar masu tsoron tada jariri. Can sai na ga kowa ya watse ya shige ɗaki, na ce alhamdulillahi an tashi. La'asar ta yi, ciyawar gefe duk kashin tumaki da na zomo, sai na hango wani wuri a tsakiyar fili an aske shi tas an daɓe kamar tsakar gidan Inna ranar sallah. Na ɗauki gorar ruwana na je na tsuguna a wurin na yi alwala, har da wanke ƙafa sau uku uku, na shimfiɗa sallaya na tada kabbara.

Ashe shayi suka je sha. Wai a tsakiyar wasa ake tsayawa a sha shayi a ci kek a dawo. Ina sallamewa na waiga dama sai ga mutum 15 a tsaye da fararen kaya sun yi cirko-cirko suna jirana, ba wanda ya ce uffan, kuma wallahi da zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Wani dattijo mai kula da filin ya zo ya durƙusa ya dafa inda ruwan alwalata ya jiƙa da tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo kamar an yi masa rasuwa. Shi ne ma ya ba ni haƙuri, ni da na yi ɓarna. Daga baya na ji cewa wurin da na yi sallar, mai tsawon yadi 22, nan ne ake jefa ƙwallon, kuma tun bazara yake bi da abin daɓe, kuma in wuri ya jiƙe ƙwallo ba ta tashi yadda ya kamata.

Tsohon da nake dubawa kuwa dariya har da tari. Sati na zagayowa ya ce tunda na yi sallah a wurin ibadarsu dole in ga inda abin ya girma, ya sa na kai shi wani tudu kusa da ƙauyen Hambledon da ake kira Broadhalfpenny Down. Ba komai a wurin fa, fili ne da iska da wata tsohuwar mashaya mai suna Bat and Ball a tsallaken titi, sai wani dogon dutse da aka kafa a 1908 don tunawa. Amma a shekarun 1770 ƙungiyar wannan ɗan ƙauyen ce ke juya wasan gaba ɗaya. Mai mashayar, Richard Nyren, shi ne kyaftin, gwanin bugunsu John Small kuma baduku ne mai ɗinkin takalma daga Petersfield. A 1777 suka kara da zaɓaɓɓun Ingila duka suka lallasa su da ratar maki 168 ba tare da sun ma shiga zagayen bugu na biyu ba.

Wanda ya fi ba ni dariya labarin 1771 ne, wani Thomas White ya zo karawa da su da katakon bugu mai faɗin da ya rufe sandunan da ake kafawa a bayan mai bugu, waɗanda mai jifa ke nema ya taɓa, duka, ka ga ba ta inda ƙwallo za ta bi, sai mutanen Hambledon suka rubuta doka cewa faɗin katako kar ya wuce inci 4 da kwata, kuma har yau a haka ake. Na ce wannan ko ɗan Kantin Kwari sai haka. Sandunan ma da biyu ne, sai a 1775 wani Lumpy Stevens ya jefa wa Small ƙwallo sau uku tana ratsa tsakaninsu ba ta taɓa ko ɗaya ba, shi ne aka ƙara ta uku a tsakiya. Da aka kafa ƙungiyar kurket ta Marylebone (MCC) a Landan a 1787 masu kuɗi suka koma can, ƙauye ya koma ƙauyensa.

Nan ne jikina ya yi sanyi, don mu ma haka aka yi mana, kowa ya tafi. Fadamar Baba da ke kusa da Kura mu huɗu muke nomanta, yanzu ɗaya na Abuja yana kabu-kabu, ɗaya na Saudiyya, ni ina nan ina ɗaga tsoffin wasu, nawa tsohon kuma ƙanwarmu ce ke miƙa masa buta. Kuma dattijon nan mai dafa ƙasa, wallahi Baba na gani. Ina ɗan shekara 9 na taka masa bedin irin albasa ina bin akuya, bai dake ni ba, haka ya tsuguna yana tada su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na kwana ina kuka.

Da na kira gida na ba su labari Inna tambaya ɗaya ta yi, sun dai bar ka ka idar ko? Na ce sun bari. Ta ce to mutanen kirki ne. Baba kuwa cewa ya yi in tambayo masa da me suke daɓe wurin, don masussukarsa bana duk ta farfashe. Na ce Baba ku yi haƙuri, ba zan iya sake haɗa ido da mutumin nan ba. Ya ce kuɗin takin da na ce zan turo fa, na ce sai ƙarshen wata.