Wuta tana da rai, wake kuwa matacce ne

Ina koyar da kimiyya a aji huɗu na wata firamaren gwamnati. Idan na ce yara su kawo siffofin abubuwa masu rai, ajin gaba ɗaya ke ɗauka da "MR NIGER D", wato haruffan farko na sunayen siffofin da Turanci, kamar ana biya karatun allo: motsi, numfashi, ci, girma, haihuwa, har zuwa mutuwa. A gwajin tsakiyar zango ma maki na fitowa da kyau. Sai dai makin haddar kawai yake aunawa, ba ya nuna mini abin da yaro ya yarda da shi a ransa.

Saboda haka na fara zuwa da faranti. A kai akwai dutse, ƙwayar wake, reshen zogale, hoton mota, da kyandir da nake kunnawa. Ina kiran yara ƙungiya-ƙungiya, su raba kayan gida biyu, masu rai da marasa rai, sannan in tambaya da Hausa: me ya sa? Tambayar nan ita ce aikin. Da Turanci, yaro zai ba ka jimlar littafi ne kawai ya yi shiru.

Wata yarinya da ke cikin masu ƙoƙarin ajin ta sa kyandir a ɓangaren masu rai. Ta ce, "Malam, ai wuta tana ci, tana girma, tana motsi, in an zuba mata ruwa ta mutu." Wake kuwa ta tura shi wajen dutse, don ba ya motsi, kuma dafa shi ake yi. Ban ce mata ta yi kuskure ba, domin da jerin da na koya mata ta yi hujja. Tun a shekarun 1920 masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya lura cewa ƙananan yara kan ba duk abin da ke motsi rai. Mun shuka waken a gwangwanin madara, ya tsiro, na sake tambaya. Wasu suka sauya ra'ayi, wasu suka ce ruwan ne ya ba shi rai. Su ma na rubuta amsarsu yadda suka faɗa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na raɓar da ke fitowa a jikin ledar ruwan sanyi. Kusan kowa cewa yake ledar ce ke yoyo. Sai na kawo gorar zoɓo mai ƙanƙara, na ba su farin ƙyalle su goge jikinta. Ƙyallen ya jiƙe, amma babu ja ko kaɗan. Wani yaro ya juya gorar yana neman huda, ya rasa, ya ce, "To daga ina ruwan yake?" Daga nan ne muka shiga maganar tururin ruwan da ke cikin iska. Wannan gwajin da damina ya kamata a yi shi. Da hunturu iska ta bushe, raɓar ba ta fitowa sosai, sai ka ji kunya a gaban yara.

Ajin ya cika maƙil, don haka ba na iya zagaye kowa a darasi ɗaya, kaɗan-kaɗan nake bi. Hedimasta kuma lamba yake so a rijista, ina cika masa. Amma ina da wani littafi daban da nake rubuta kalaman kowane yaro, shi nake miƙa wa malamin aji biyar a ƙarshen shekara.