Ba Ta Ƙofa Muka Shiga Ba

Yanzu da na miƙa ragamar ƙungiyarmu ta ɗalibai masu aikin sa-kai ga ƙannenmu, na ga ya dace in rubuta abin da ya fi tsaya mini a rai, domin rahoton da muka bari a ofis bai ambace shi ba.

A ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai tsakiyar Oktoba. Da zaman gida ya ishe mu, sai mu da ke Kano muka yanke shawarar buɗe darasi kyauta ga yaran firamare a wata unguwa ta cikin ganuwa, mu koya musu karatu da rubutu da lissafi. Ni aka ɗora wa tsarin. Na samo aron ajujuwa biyu, na sa lokaci bayan la'asar daga Asabar zuwa Laraba, na kuma buga takardar rajista mai neman sunan yaro da na mahaifinsa da lambar waya, har da gurbin hoto, saboda shugabanmu na lokacin ya nace cewa sai da hotuna a Facebook masu hannu da shuni za su tallafa mana.

Makon farko benci bai ishi yara ba. Kafin mako na uku ya ƙare, waɗanda suka rage ba su cika layi biyu ba. A taronmu na tashi na ce iyayen unguwar ba su damu da ilimin 'ya'yansu ba, kuma har yau idan na tuna wannan magana sai kunya ta rufe ni. Wata dattijuwa mai tuyar awara a bakin makarantar ce ta farkar da ni. Tana juya awara a kasko, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ɗana, da kuka zo, wa kuka gaisar?" Ban sami amsa ba, domin ba mu je wurin mai unguwa ba, ba mu je wurin liman ba, balle malamin Islamiyya.

Washegari muka cire takalma a ƙofar zauren mai unguwa, muka durƙusa muka ce ranka ya daɗe. Ya karɓi takardar rajistar, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ɗora yatsa a kan gurbin hoton ya ce, "Samari, hotunan 'ya'yanmu ina za ku kai su?" A nan na fahimci girman abin da na yi. Wannan gari ne da a 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara kimanin 200, maganar da ta kai har kotu, kuma gari ne da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ba a dawo da shi ba sai 2004. Mu a takarda muka karanta waɗannan, amma dattawan da ke zaune a kan tabarmar nan a idonsu aka yi, don haka baƙon da ya zo da biro yana rubuta sunayen yara dole ne ya fara bayyana kansa.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo, domin ni ma Islamiyya na yi. Bayan la'asar lokacinta ne, kuma da na ɗora darasinmu a kai, na tilasta wa iyaye su zaɓa tsakanin Alƙur'ani da boko. Malamin bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi Alhamis da Juma'a babu karatu, me ya hana mu ɗauke su? Na ce Allah gafarta Malam, ba mu yi tunani ba. Shi da kansa ya sanar wa iyaye a masallaci bayan magariba, muka cire gurbin hoto, yara suka dawo.

Shugabanmu, wanda ya tsaya gaban mambobi ya ce rashin iya tsarina ne ya kashe shirin, shi ya karɓi takardar yabo da abin ya gyaru, kuma ko sau ɗaya bai taka zauren nan ba. Na yafe, amma ina shawartar masu zuwa su riƙa rubuta wanda ya ba da kowace shawara a littafin taro. Kada kuma su yi wa yara alkawarin da jadawalin lacca ba zai bari su cika ba, domin da aka janye yajin aikin yawancinmu suka ɓace, yara suna zuwa suna tarar da ƙofa a rufe.

Mu kaɗan da muka rage muka riƙe ajin Alhamis, yana nan har yanzu. Ranar da na je sallama, jikar mai awarar nan ce ta karanta wa kakarta takardar asibiti a gabana, tana bin kowane layi da yatsa.